Hatimi da Cokali

Ofishina na hawa na uku, a Winnipeg,
taga ɗaya, tana kallon kogin da ya daskare tun Disamba.
Aikina? Ni ce ƙofa.
Duk mai son koya wa shanyayyen hannu
ya sake riƙe kofi, ya sa maɓalli, ya murɗa mabuɗi,
sai takardunsa sun kwana a teburina
kafin lasisi ya san sunansa.

Ba na jin kunyar zama ƙofa.
Na ga hoton yaron da wani ɗan-na-iya
ya ɗaure wa hannu ba bisa ƙa'ida ba;
wata shida, yatsu uku suka ƙage
kamar ƙafar tsuntsun da sanyi ya kashe.
Tun ranar nake karanta kowane layi sau biyu.

Sai ga fayil ɗin Luzviminda Tabuena.
Shekara goma sha ɗaya tana wannan aiki a Iloilo.
Jarrabawa, ta ci. Shaidar hali, ga ta.
Kuɗin rajista, ta biya har da canji.
Takarda ɗaya tak ta rage:
lissafin awoyin horonta daga makaranta.
Makarantar ta rubuto cikin ladabi:
ruwa ya ci ɗakin ajiya shekarar babbar guguwa.
Ita kuwa doka ba ta san ruwa ba.

“A dakata.” Na sa hannu.
Bazara ta zo, “a dakata.”
Sau uku, da alƙalami ɗaya.

Babana Anatole kafinta ne,
ko in ce kafinta ne kafin ɓarin jikinsa ya yi masa yaji.
Hannun da ya shekara arba'in yana feƙe katako
ya kasa kai cokali baki.
Wani daren Lahadi na shiga gidan tsofaffi a makare,
na tarar yana shan miya shi kaɗai,
rabi a baki, rabi a gemu,
amma shi kaɗai.
An naɗe ƙotar cokalin da tsumman tawul da roba
har ta yi kaurin ƙotar guduma.

“Wa ya yi wannan?”
“Yarinyar dare, mai canja zanen gado.
Ta tambaye ni wane kayan aiki tafina ya fi sani.”

Na karanta sunan da ke ƙirjinta.
Ta karanta nawa a littafin baƙi,
sunan da ke ƙasan wasiƙu uku.
Ba ta ɗaga murya ba.
“Ban duba shi ba, ba ni da izini.
Cokali na gyara.
Na kuma nuna wa mai lasisi da safe, ta amince.”
Ta kwashi zannuwa ta wuce ɗaki na gaba.

Litinin ban buga hatimi ba.
Ba nawa ba ne, ajiya ce;
in na buga yau saboda babana,
gobe wani zai buga saboda ɗan-na-iya.
Amma ƙofa ma tana da bakin tambaya.
Na zauna har tsakar dare, rana tana tsaka a can,
ina bin lambar waya bayan lambar waya,
har na samo tsohuwar malamarta, kunne ya yi nauyi,
tana ihu cewa littafinta na nan cikin gwangwanin biskit.
Na rubuta wa kwamiti: a karɓi rantsuwarta gaban lauya,
a ƙara awoyi ƙarƙashin idon gwani.
A ƙasa na ƙara layi guda:
babana na ci da cokalin matar nan,
don haka wani ya yanke, ba ni ba.

Kwamitin zai zauna a Afrilu,
lokacin da kogin ke fara tsagewa.
Ban san me za su ce ba.

Jiya babana ya sa maɓalli biyu.
Na uku ya gagare shi,
ya zagi rigar da Faransanci,
ya sake kama ta.